Dofamin da makarɓansa: amsoshin tambayoyin da ake yi a zangon Kumasi kan ƙwaƙwalwa da sauyin zuciya

Kalmar dofamin ta shiga bakin matasa daga Aboabo har Asawase, kowa na faɗin nasa ya yi ƙasa ko ya yi sama. Mafi yawan abin da ake faɗa rabin gaskiya ne. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Sunayen magunguna mun bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali, don mutum ya gane su idan ya gani.

Mene ne dofamin, kuma a ina ake yin sa?

Sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Ƙwayoyin da ke yin sa ba su da yawa: a tsakiyar ƙwaƙwalwar mutum ba su wuce 400,000 zuwa 600,000 ba, cikin ƙwayoyi kimanin biliyan 86. Sai dai kowace ɗaya tana miƙa rassa zuwa dubban wurare, kamar mai shela guda da muryarsa ta karaɗe unguwa.

Jiki na haɗa shi ne daga tayirosin, wani ɓangare na furotin da ke cikin wake, kifi, nama da gyaɗa. Ana mayar da tayirosin L-dopa, sannan L-dopa ya koma dofamin. Daga nan hanya huɗu yake bi. Ta farko zuwa wurin da ke sarrafa motsin jiki, ta biyu zuwa wuraren sha'awa da tsoro, ta uku zuwa ƙwaƙwalwar goshi mai tunani da kame kai, ta huɗu kuma gajeriya ce, aikinta danne sinadarin furolaktin mai kawo ruwan nono. A riƙe waɗannan hanyoyi huɗu, domin kusan duk illar maganin da za a ambata a ƙasa daga nan ta taso. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ne ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa dofamin ɗan saƙo ne mai zaman kansa, aka ba shi kyautar Nobel a 2000.

To shi makarɓin fa, mene ne aikinsa?

Makarɓi furotin ne da ke zaune a fatar ƙwayar da ake aika wa saƙo. Dofamin ba ya shiga cikin ƙwayar, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi sallama. Abin da zai faru a cikin gida ya danganta da wanda ya amsa. Shi ya sa tambayar "nawa ne dofamin ɗina" ba ta da amfani sosai. Tambayar kirki ita ce: wane makarɓi ya taɓa, a wane sashe, kuma na tsawon wane lokaci.

Iri nawa ne, kuma ina bambancinsu?

Iri 5 ne, D1 zuwa D5, amma gida biyu suke. John Kebabian da Donald Calne ne suka raba gidajen a 1979. D1 da D5 suna ƙara wani sinadarin cikin ƙwaya da ake kira cAMP, sai ƙwayar ta ƙara saurin amsawa. D2, D3 da D4 suna rage shi, sai ƙwayar ta lafa.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa, a wurin da ake yanke shawarar yi ko bari, ƙwayoyi masu D1 suna kan hanyar "je ka", masu D2 suna kan hanyar "dakata". Idan dofamin ya kwararo, sai ya ingiza ta farko ya kuma sassauta ta biyu: mai ya ƙaru, birki ya saki, a lokaci guda. Idan ya janye, sai hanyar dakata ta yi ƙarfi, mutum ya koyi cewa wannan abin ba na komawa ba ne. Akwai kuma D2 a jikin ƙwayar da ke sakin dofamin ɗin kanta, wanda ke gaya mata ta isa haka. D3 ya fi taruwa a wuraren sha'awa, kuma za mu sake haɗuwa da shi a maganar Fakinsin, ciwon da ke kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki.

Da gaske shi ne sinadarin farin ciki?

A'a, kuma wannan kuskuren ne ya haifi sauran. Wolfram Schultz ya sa wa birai siraran wayoyi a ƙwaƙwalwa yana ba su ruwan 'ya'yan itace. Idan ruwan ya zo ba zato, ƙwayoyin dofamin sai su yi harbi a jere cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Da birin ya koyi cewa wata fitila ce ke gabatar ruwan, sai harbin ya koma kan fitilar, ruwan kansa ya daina tayar da komai. In kuwa fitila ta kunnu ruwa bai zo ba, sai ƙwayoyin su yi tsit daidai lokacin da ya kamata ya zo. An wallafa taƙaitaccen bayanin wannan a 1997. Ma'ana, dofamin yana auna tazarar da ke tsakanin abin da ka zata da abin da ka samu.

Ɗauki mai kayan miya a Kejetia da ke jiran ɗanta ya turo kuɗi ta MoMo. Waya na yin ƙara gabanta zai faɗi, hannu ya kai aljihun zane tun ba ta yi tunani ba. Wannan zaburar ita ce aikin dofamin. Tana jiran sidi 200 ta ga 500, ƙwayoyin sun yi harbi. Tana jiran 500 ta ga 200, sun yi shiru, ranta ya ɓaci alhali kuɗi ne suka shigo. In ta tarar saƙon talla ne, shirun ya fi haka zurfi.

Kent Berridge ya ƙara gyara zancen. Ya lalata kusan dukkan dofamin ɗin ɓeraye, suka daina neman abinci ko yana gabansu, amma da an ɗiga musu ruwan sukari a baki sai su lashe leɓe kamar kullum. Daɗin yana nan, nema ne ya mutu. Daɗin kansa ya fi dogara ga wasu sinadarai dangin ofiyom da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta. So daban, jin daɗi daban. Duk wanda ya ga mai shan sigari yana tsine mata yana kuma kunna wata ya ga wannan rabuwa da idonsa.

Ina ruwansa da tsoro da fushi?

Yana da ruwa da tsaki. Amigdala, wani ɗan curi mai kamar ƙwayar gyaɗa a kowane gefen ƙwaƙwalwa, ita ke koyon abin tsoro. A kewayenta akwai ƙwayoyi masu gadi da ke danne ta. Dofamin, ta makarɓin D1, yana sassauta masu gadin, sai darasin tsoro ya kama da wuri. Shi ne kuma ke taimakawa wajen goge tsoron: in mutum ya zaci mugun abu bai faru ba, wannan ma riba ce da ba a zata ba, ƙwayoyin kan yi harbi a kanta. Shi ya sa wanda ya yi haɗari a trotro ba ya warkewa da zaman gida, sai ya sake hawa sau da yawa ya sauka lafiya.

Batun fushi ya fi shafar ƙwaƙwalwar goshi. Patricia Goldman-Rakic da Amy Arnsten sun nuna cewa D1 a wannan wurin kamar gishiri yake a miya: ya yi kaɗan tunani ya yi lami, ya yi yawa a kasa ci. Tsananin damuwa yana ambaliyar dofamin da wani ɗan saƙon mai suna noradirenalin a goshi, sai sashen da ke cewa "bari, surukinka ne" ya ɗauke wuta, ragamar ta koma hannun amigdala da tsohuwar al'ada. Direban pragya da bai yi barci ba, ga rana, ga cunkoso a Alabar, ga kuɗin mai abin hawa ba su cika ba, abu kaɗan zai tunzura shi. Barcin ma yana ciki: hoton ƙwaƙwalwa ya nuna rashin barcin dare ɗaya tak yana rage makarɓan D2 da D3 da ke a shirye. Ba hujjar zagi ba ce, amma ta bayyana dalilin da ya sa wanda ya yi shiru ya zauna, ko ya je ya yi alwala, yakan dawo da wata magana dabam.

Malam, ƙanena kullum asara yake a cacar ƙwallo, me ya sa ba ya bari?

Saboda rashin tabbas shi ne abincin wannan tsarin. A wani gwajin birai na 2003 an ga cewa tashin dofamin a lokacin jira ya fi ƙarfi idan damar samu rabi da rabi ce. Abin da aka tabbatar ba ya tayar da shi, abin da aka fid da rai ma haka. Tikitin wasa goma da tara suka ci ɗaya ya ɓata, a lissafi asara ce tsantsa, amma wuraren lada a ƙwaƙwalwa suna ɗaukar "saura ƙiris" kamar wani yanki na nasara. Don haka wa'azin lissafi kaɗai ba ya isa. Abin da ya fi tasiri shi ne raba shi da fitilar birin: a goge manhajar, a kashe sanarwar sakamakon wasa, kuɗin su koma hannun wani amintacce na wani lokaci, a kuma kai shi wurin masanin halayya in bashi ya fara shiga.

Tramadol fa? Masu shan sa sun ce ƙarfi yake ba su.

Tramadol dangin ofiyom ne, kuma yana hana mayar da wasu 'yan saƙo biyu, serotonin da noradirenalin, cikin ƙwayoyin da suka sake su. Ba ya taɓa makarɓan dofamin kai tsaye. Abin da yake yi shi ne rufe bakin ƙwayoyin da ke tsare masu sakin dofamin, sai su saki fiye da kima. Ƙwaƙwalwa ba ta son ihu, sai ta toshe kunne. Hotunan da Nora Volkow da wasu suka ɗauka sun nuna ƙarancin makarɓan D2, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a masu jarabar hodar iblis, giya da dangin ofiyom. Sakamakon a zuciya shi ne: waakye mai zafi, hira a majalisa, dariyar yaro, duk su zama ba su isa su motsa mai shan ba, alhali ganin kwalin kawai yana tayar masa da so. Yana ƙara sha, daɗin na raguwa.

Ƙarfin da hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta amince da shi miligiram 50 ne da 100. Masu 120, 225 da 250 da ke yawo ba ta hanyar doka suka shigo ba. Iyakar likita ga babba miligiram 400 ne a yini, wuce nan kuwa farfaɗiya na iya bugawa, haɗa shi da giya ko maganin barci na iya tsayar da numfashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya: a rage a hankali a hannun likita. A kuma sanar da iyali cewa bayan ciwon jiki da zawo na kwanakin farko sun wuce, akwai makonni ko watanni na rashin jin ɗanɗanon komai. A nan aka fi komawa ruwa.

Goro ma yana cikin wannan lissafin?

Ta bayan gida. Sinadarin kafin (caffeine) da ke cikin goro yana toshe makarɓin adinosin, sinadarin da ke taruwa yana kawo gajiya. Wani nau'in wannan makarɓin, A2A, maƙwabcin D2 ne a ƙwaya ɗaya, yana rage masa ji. In goro ya toshe shi, D2 sai ya ƙara jin dofamin ɗin da ke nan. Shi ne wartsakewar da Alhaji ke ji bayan ya ɓara. Rabin sinadarin kafin ɗin yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya bar jini, don haka goron bayan la'asar yana nan lokacin kwanciya. Mai faɗuwar gaba ko rashin barci ya tsayar da shi a hantsi.

Tun da aka sa ɗana a maganin taɓin hankali ya yi sanyi, ba dariya ba fushi. Maganin ne ko ciwon?

Hajiya, yana iya zama kowanne, kuma tambaya ce da ta cancanci a kai wa likitansa da wannan lafazin. A ciwon da mutum ke jin muryoyi ko zargin ana bin sa, ƙwayoyi suna sakin dofamin ba bisa dalili ba, sai abin da ba komai ba ya zama mai ma'ana: tarin maƙwabci ya zama saƙo, kallon mai shayi ya zama makirci. Tun daga chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil kuma aka fara gwada shi ga masu taɓin hankali a Faris a 1952, kusan duk magungunan wannan ciwo D2 suke toshewa.

Matsalar ita ce ƙofar ƙunci ce. Ana bukatar toshe kusan kashi 65 cikin 100 na D2 kafin magani ya yi aiki, amma da an haura kusan 80 illar motsi ta fara. Kuma magani bai san hanya ɗaya ba, duk huɗun yake bi. A hanyar motsi yana kawo sanƙarewa, rawar hannu, dalalar miyau da fuska mara motsi. A hanyar sha'awa yana kawo wannan sanyin da kika gani. A hanyar furolaktin yana ɗauke al'ada, ya kawo ruwan nono ko ga namiji, ya rage sha'awar iyali. Haloperidol da risperidone sun fi yin wannan na ƙarshe, olanzapine kuma ya fi kawo ƙiba da hawan sukari.

Akwai illa ɗaya da ake yawan kuskure da ita. Mutum ya kasa zama, yana ta kai da kawo, yana cewa cikinsa kamar ana hura wuta. Iyali sai su ce ciwon ne ya tashi, a ƙara magani, abin ya ƙara muni. Sunanta akatisiya, maganin ne ke kawo ta, kuma tana iya kai mutum ga tunanin kashe kansa. A faɗa wa likita a ranar. Yana iya rage adadin, ya canza zuwa wani irin aripiprazole da ke taɓa D2 rabi-rabi, ko ya ƙara propranolol. Benzhexol yana sassauta sanƙarewa, amma ba ya maganin taunar baki da murɗa harshe da ke zuwa bayan shekaru, yana ma iya tsananta su. In zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sanƙarewa da ruɗewa, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti ko tsakar dare ne. Abin da ba a yi shi ne dakatar da magani a gida: makarɓan da aka daɗe ana toshewa sukan ƙara ji, ciwon sai ya dawo da ƙarfinsa.

An ba yarinya maganin amai, wuyanta ya murɗe, idonta ya kafe sama. Aljanu ne?

A duba kwalin tukuna. In metoclopramide ne ko prochlorperazine, to su ma D2 suke toshewa, kuma yara da 'yan mata sun fi kamuwa da wannan murɗewar, yawanci a kwana ɗaya ko biyu na farko. Tana cikin hayyacinta, tsoro ne ya cika ta. Allura guda a asibiti kan sake ta cikin mintuna. Ga babba, metoclopramide miligiram 10 ne sau 3 a yini, kada ya wuce kwana 5. A rubuta sunan maganin a ajiye, a riƙa faɗa wa duk wanda zai ba ta magani nan gaba.

Baba na da ciwon Fakinsin. Ya daina sha'awar komai, bayan an canza magani kuma ya koma ɓarnar kuɗi. Yaya haka?

Fuska biyu ce ta abu ɗaya. Kafin rawar hannu ta bayyana, kusan rabin ƙwayoyin dofamin na sashen motsi sun riga sun mutu, kuma hanyar sha'awa ma tana taɓuwa. Rashin himmar ba lalaci ba ne, ba kuma fushi yake da ku ba. Fuskarsa ma na iya daskarewa alhali zuciyarsa na ji.

Magungunan Fakinsin irin pramipexole da ropinirole suna kwaikwayon dofamin, kuma sun fi son D3, wanda ke zaune a wuraren sha'awa. Suna danna shi dare da rana, sai shirun nan da ke koya wa mutum "na yi asara" ya daina zuwa. A wani babban bincike na 2010, kusan mutum 1 cikin 6 na masu shan irin waɗannan ya faɗa caca, sayayya ba kai, yawan ci ko matsananciyar sha'awar jima'i. Dattijo ba zai faɗa da bakinsa ba, kunya ba za ta bar shi ba, sai ɗa ko mata su gaya wa likita a keɓe. Rage maganin a hankali yakan gyara halin. Levodopa kuwa, wato maganin L-dopa, a ba shi minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, domin furotin ɗin nama da wake na gasa da shi wajen shiga jini da ƙwaƙwalwa.

Akwai gwajin jinin da zai nuna matsayin dofamin ɗina?

Babu. Dofamin ba ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka na jini labarin wasu sassan jiki yake bayarwa. Ana auna shi a jini ko fitsari ne don neman wani ciwon ƙari da ba a cika samu ba. Makarɓa kuwa sai da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa irin PET, kuma aikin bincike ne. Duk wanda ya ɗora maka wata na'ura a tafin hannu ya ce ya ga dofamin ɗinka, kuɗinka ya gani.

Ayaba ko wani abinci na ƙara shi?

Ayaba na da dofamin, amma shingen nan zai tare shi. Wanda ke cin wake, kifi ko ƙwai yana da tayirosin isasshe, kuma ƙari ba ya ƙara komai, domin matakin farko na haɗa shi yana da nasa ma'auni. Ƙarara dabam ce: ƙwayarta na ɗauke da L-dopa na gaske, kusan kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na nauyinta, har an gwada ta ga masu Fakinsin. Wannan ya sa ta zama magani, ba abin marmari ba. Mai lafiya da ya sha garinta yana iya samun amai, jiri da ruɗewa, mai taɓin hankali kuma tana iya tayar masa da ciwo.

Gado ne?

Da ɗan hannunsa. A 1996 an yi ta yayata cewa wani nau'in D4 ne ke sa son kasada, amma binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin ƙanƙane ne. Shekaru sun fi tabbas: makarɓan D2 na raguwa da kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara goma bayan mutum ya girma.

Yaushe ya kamata a je asibiti, kuma ina?

In rashin jin daɗin komai ko baƙin ciki ya kai mako 2 yana hana aiki. In mutum ya kwana uku ba barci kuma ba gajiya, yana ta surutu da rabon kuɗi. In yana jin muryoyi, ko halinsa ya juye bayan sabon magani. In ya ambaci kashe kansa, ranar za a tafi, kuma kada tsoron 'yan sanda ya hana: majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka a 2023. A Kumasi akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, kuma asibitocin gunduma na da ma'aikatan jinya na wannan fanni. Lambar gaggawa 112 ce. A tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da mara lafiyan, a kuma zuba duk abin da yake sha a leda guda, na asibiti, na kemis da na gargajiya, kowanne a kwalinsa, tare da ranar da aka fara shi.